Farautar dare da fitilar goshi: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gadi ne a Agege ta Legas, amma farauta gadon gidanmu ce. Ranar hutu nakan bi abokai dajin Epe da bindigar toka. Kwanan nan na sayi fitilar goshi mai caji, sai wani dattijo a cikinmu ya ce farautar dare da fitila laifi ce a dokar ƙasa, kuma cin amanar daji ce. Mun sha musu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka koma ka ba Baba haƙuri, domin ya fi ka kusa da gaskiya.

Dokar tarayya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016, ta jero dabbobin da take karewa, ta kuma hana a kama su ta wasu hanyoyi: guba, cinna wa daji wuta, kora da mota ko babur, bindigar da ke zuba harsashi fiye da ɗaya a ja guda, da kuma farautar dare. Za ka ce ai kai gyazbi da gafiya kake nema, ba abin da gwamnati ta sa wa ido ba. To, a cikin duhu wa ya gaya maka abin da ka saita?

Duk wanda ya taɓa haska gada da dare ya san abin da nake nufi. Ba ta gudu. Takan ƙame wuri ɗaya, idanu biyu na ƙyalli kamar garwashi, har ka gyara tsayuwa ka ɗana. Ba ka ganin ƙaho, ba ka ganin ciki, ba ka sanin ko ta ɓoye ɗa a cikin ciyawa. Da rana maharbi sai ya bi sawu, ya karanci iska, ya yi sanɗa, sau da yawa kuma naman ya tsere. Wannan tserewar ita ke barin iri. Fitilar acibalbal ta iyayenmu haskenta bai da nisa, ga ta da saurin mutuwa. Ta yanzu kuwa sai ta kwana tana ci. Shi ya sa dokokin farauta suka fi takura wa kayan aiki a kan shi maharbin.

Lissafin haihuwa ma abin dubawa ne. Gyazbi na ɗaukar ciki kusan wata 5, ta haifi kamar 'ya'ya 4, shi ya sa take jure farauta, har kiwonta ake yi a keji. Gada ɗa ɗaya take haifa. Ɗankunya, mai ɓawon nan da ke dunƙulewa idan ya ji motsi, shi ma ɗaya ne, galibi a shekara. Tun 2017 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran dawa, amma har yau akan gan shi a kasuwar naman daji ta Epe. Ganinsa a kan tebur bai halatta shi ba.

Mafarauta na da tasu hujjar, kuma ban raina ta ba. Sukan ce katafilar da ke share daji daga Lekki zuwa Epe don gina rukunin gidaje ta fi bindigar toka dubu ɓarna. Haka ne. Cibiyar kare daji ta Lekki, da aka buɗe a 1990, hekta 78 ce kacal, gine-gine sun zagaye ta. Sai dai wannan hujjar a kanmu take juyawa: idan daji ya tsuke, nama ya taru a ɗan lungu, fitila biyar na iya share shi a rani guda. A ganina laifin hukuma shi ne rubuta doka ba tare da zama da sarakunan dawa ba, alhali su suka san lokacin da nama ke da ciki, su ne kuma tun da can ke ɗaga farauta idan damina ta faɗi.

Batun bindiga kuma, kada ka yi wasa da shi. A dokar makamai ta 1959, lasisin bindigar toka na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ka nemi takardarka, ka riƙe katin ƙungiyar mafarauta, ku kuma gaishe da Baale, wato mai garin, kafin ku shiga dajinsa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar zuwa gida sallah ba. Gandun gwamnati kuwa, irin Old Oyo, ko da rana tsaka ba a shigarsa da makami.

Fitilar tunda ka riga ka saya, kai ta bakin get ɗin da kake gadi. Can ta fi amfani.