Ga Ƙanwarmu Da Ta Ce Duk Littattafan Sun Zama Iri Ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayar da ƙanwarmu ta ajiye, inda ta ce ta gaji da littattafan da take bi a waya, wai daga attajiri mai girman kai da 'yar aikin gidansu, sai auren dole da ke rikiɗewa ya koma soyayya a shafi na arba'in. Ta nemi kowa ya faɗi abin da ya karanta kwanan nan, a kuma ba ta shawarar inda za ta dosa. Na ga an jero mata sunaye sun fi talatin. Allah Ya saka da alheri, amma ni dai na san in aka zube wa mutum suna talatin a gaba, ƙarshenta ko ɗaya ba zai nema ba. Shi ya sa na bari sai da na sami sararin zama.

Ƙanwata, wannan gajiyar da kika ji ba a kanki aka fara ba. Mu da muka yi 'yammatancinmu a Kano a shekarun 1990 mun sha ta. Lokacin babu waya, haya muke karɓowa a shagon unguwa, a cusa a cikin hijabi, a karanta da fitilar ƙwai bayan kowa ya kwanta. Ka gama na ɗaya ka tarar wata ta riga ka ɗaukar na biyu, ka kwana kana juyi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa har rigima mun yi a kansa da 'yar ɗakinmu, don ta karɓe shi ta kai makarantarsu ya dawo babu bango. Amma bayan 'yan shekaru ni ma sai na wayi gari ina iya faɗin ƙarshen littafi tun daga shafi na biyar. Na ajiye karatu gaba ɗaya, na ce girma ne ya zo. Ashe ba girma ba ne, tuwo ɗaya nake ta ci da miya ɗaya.

Tunda labarin gida da aure kika saba da shi, ba zan ce ki yi tsalle ki faɗa littafin tarihi ba, za ki yi barci. Fara da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Shi na sake karantawa watan jiya, kuma shi ya sa na kasa yin shiru a kan tambayarki. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, mai 'ya'ya tara, wadda kuɗin cefanen da ake ba ta bai isa ko rabin gidan ba, ga shi maigidan ya rakito wata Delu ya kawo mata kishiya, daga ƙarshe aka kori Rabi da yaranta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Kin ji kamar kin san labarin ko? To ki karanta ki ga bambanci. Babu jirgin sama, babu gida mai hawa uku, babu kyakkyawar da idonta ke kashe maza. Lissafin kuɗin miya ne, da kuɗin makaranta, da surutun dangi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na karanta shi a da da yadda na karanta shi yanzu. Ina budurwa, Saudatu 'yar Rabi kawai nake bi, ina ɗokin in ga aurenta da mai kuɗin nan. Duk wurin da aka koma kan Rabi sai in yi ta saurin buɗe shafi. Yanzu da na aurar da 'ya, na kuma ga abin da na gani a gidajen 'yan uwa, Saudatu ko a jikina. Inda numfashina ya tsaya shi ne bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, duniya ta juya masa baya, sai ga mutane sun taru a kan Rabi ana ta yi mata wa'azin haƙuri don ta koma. Su waɗannan mutanen ina suke lokacin da take fama ita kaɗai? Marubuciyar ba ta tsaya yi miki huɗuba ba, ta dai ajiye miki abin a gaba ta matsa gefe. Wannan littafin har Indiya ya je, don wani kamfanin ɗab'i na can mai suna Blaft ya fitar da fassararsa ta Turanci a 2012, Aliyu Kamal ne ya fassara. Mu kuma a nan ana ce masa adabin kasuwar Kano ana taɓe baki.

In ya yi miki, ki bi shi da Wa Zai Auri Jahila? nata. Wata yarinya ce mai suna Abu aka cire daga makaranta aka haɗa da tsoho, ta gudu, ta koma karatu da girmanta. Ita kanta Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka za ki ji zafin da ke cikin rubutun ba na aro ba ne.

Daga nan sai ki ja da baya kaɗan zuwa So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa da ya shirya. Ɗan siriri ne, zama ɗaya za ki cinye shi. Boɗaɗo Bafulatana ce ta kafe sai wanda take so, alhali ba ɗan ƙabilarsu ba ne. Gaskiya akwai wuraren da aljanu suka shigo da ni ban ji daɗinsu ba, na ga kamar labarin ya fi ƙarfi a inda take fafatawa da danginta. Amma ya kamata duk mai karanta rubutun mata ta san shi, don tun kafin a fara cika kasuwa da littattafan soyayya ita ta riga ta buɗe ƙofar.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi taɓa ni a bana, ko da yake na san wasu za su yi dariya: Shaihu Umar. E, shi dai, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka tilasta mana a makaranta muka haddace don jarrabawa muka manta. Abin da ya faru, Hajiyarmu ta kwanta jinya wajen wata biyu, ita kuma ba ta yi boko ba, rediyo ya ishe ta. Ran nan ina kakkaɓe akwati na ci karo da tsohon kwafina, sai na ce bari in riƙa karanta mata bayan la'asar. Ni a tunanina labarin malami ne da ya je ƙasar Larabawa ya yi karatu ya dawo yana koyarwa. Abin da na riƙe ke nan shekara talatin. Da muka kai inda aka sace Umar yana yaro, uwarsa ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, aka keta Sahara da ita, sai na ga Hajiya ta juya fuska bango. Na ce ko in dakata? Ta ce a'a, ci gaba. Da na rufe littafin ranar, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, cewa kakarta ta sha faɗa musu yadda ake hana yara zuwa bakin rafi su kaɗai saboda mahara, da wata 'yar uwarsu da ta fita itace ba a sake jin ɗuriyarta ba. Wato ni ina karanta ƙagaggen labari, ita tana jin tarihin gidansu.

Tun daga ranar na daina ganin littafin a matsayin na Umar. Na uwarsa ne. Mace ce da ta rasa miji, ta sake aure, aka yi wa mijin sharri a fada aka kore shi, sannan ta rasa ɗa, ta kuma rasa 'yancinta a garin nemansa. Kuma an rubuta duk wannan cikin sanyin murya, babu ihu babu kururuwa, abin da ya sa ya fi ciwo. Ba zan faɗa miki yadda suka ƙare ba.

Shaihu Umar na cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara. Sauran su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ba zan yaudare ki in ce duka za su yi miki daɗi ba. Ganɗoki ni har yau ban iya gama shi a zama biyu ba, yaƙe-yaƙen da kirarin sun fi dacewa da kunnen maigidana, shi kam yana iya kawo miki wasu wuraren da ka. Jiki Magayi kuwa zai kama ki, don soyayya ce da kuɗi ya raba, mai dukiya ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya sha alwashin ramuwa. Kin ga ashe attajirin da kike ƙorafi a kansa ya kusa shekara ɗari yana yawo a littattafanmu. Sai dai a can ramuwar ba ta ƙare da biki da anko ba.

Ruwan Bagaja ki ajiye shi don ranar da ranki ya ɓaci. Ba neman ruwan ne daɗinsa ba, haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ce, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe a wani gari wancan ya rama. Shawarata ɗaya: kada ki karanta shi a zuci. Ki tara yara ko ƙannenki ki karanta da ƙarfi. Hausar Abubakar Imam ta kunne ce, sai an furta ta ake jin gishirinta. Haka Magana Jari Ce, duka ukun, ba littafin da ake farawa daga farko a kai ƙarshe a dare ɗaya ba ne. Labari ɗaya kullum ya isa, irin waɗanda wani aku ke ba Musa ɗan sarki a littafi na farko don ya hana shi fita.

Na ga wani ɗan uwa ya ambaci Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na kuwa goyi bayansa, amma da gargaɗi. Yana cikin waɗanda suka fito a 1982 daga gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Littafi ne mai kauri, mai jini, labarin Mailoma da ta'asar da ya tafka. In kina da raunin zuciya ki bari sai da rana. Ni abin da ya tsorata ni da na waiwaye shi ba kashe-kashen ba ne, yadda mutum ya zauna sama da shekara arba'in da suka wuce ya rubuta daba da makamai a daji, mu kuma yau muna jin irinsa a labaran safe. Turmin Danya kuma na fasa-ƙwauri ne da cin hanci da manyan da doka ba ta hawa kansu. Shi ma ba abin da ya tsufa a cikinsa sai farashin kaya.

Kada kuma a ce Anti ta tsufa ta tsani na zamani. Ina karanta na waya, har na kuɗi ina biya, kuma akwai yaran da alƙalaminsu ke ba ni sha'awa ƙwarai. Matsalar da nake gani ita ce wadda ke sakin shafi kullum, masu karatu na binta da "Anti a ƙara, Anti kar a kashe wane", ba ta da lokacin da za ta koma ta yanke abin da bai kamata ya zauna ba. Labarin da zai ƙare a shafi sittin sai ya kai ɗari biyu. In kina son ganin abin da matsi ke yi wa rubutu, ki nemi labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata. Da yake an ƙayyade musu yawan kalmomi, dole kowace ta zubar da kwalliyar banza ta riƙe ƙashin labarin. Ana karanta su a rediyo, kina wanke-wanke kina saurare.

Maganar inda za ki samu: tsofaffin nan da ake karantawa a makarantu ba sa wuya a shagunan littattafan makaranta, a Kano ki leƙa wajen Sabon Gari, a Zariya ma haka. Sai dai ki buɗe ki duba kafin ki biya. Na taɓa sayen wani kwafi a hannun wani mai shago, sai da na kai tsakiya na tarar an maimaita shafi goma sha shida, wasu sha shidan kuma babu su, bugun satar fasaha ne. Na Hajiya Balaraba da na 1982 ɗin nan sun fi wuyar samu, sai an dage da cigiya, wani lokaci a wajen masu tsofaffin littattafai ko ɗaliban sashen Hausa na jami'a. Ki tambayi iyayenki mata ma, za ki sha mamakin abin da ke ƙarƙashin gadajensu.

Nawa kwafin na Alhaki yana nan, in kina cikin Kano ki yi mini magana ta gefe in ba ki aro. Sati biyu, kuma da bangonsa zai dawo, don na Gidan Dabino har yau ban huce ba. In kin gama ki dawo nan ki faɗa mana ko ke a ganinki ya kamata Rabi ta koma ɗakinta. Ni da yayata mun kusa wata muna wannan musun, ita ta ce saboda 'ya'ya, ni na ce 'ya'yan ai ta riga ta raine su ita kaɗai.