Rajistar sunan sabon wardi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rajistar sunan sabon wardin da ka haɗa za ta hana wasu sayar da shi. A'a, ba za ta hana ba. Ƙungiyar American Rose Society ce ke riƙe da kundin sunayen wardi na duniya, aikinta kuwa tabbatar da ba a raɗa wa nau'i biyu suna ɗaya ba. Za su tambayi iyayen shukar, wato wardi biyun da ka haɗa, launin furen da ƙamshinsa. Tun 1959 ba a karɓar sabon suna da Latin. Haƙƙin mallaka kuma nemansa daban ake yi, a hukumance. Don Allah, tun ranar da ka shafa garin furen wani wardi a kan wani don haɗa su, rubuta sunayen iyayen ka rataya a reshen.