Kafin Ki Ci Bashin Inji, Ina Robobi 84 Suka Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Da dogon hutun da ya wuce na fara yi wa yarana kwaɓin wasa da fulawa da gishiri da kalar abinci, irin wanda yara ke mulmulawa su yi tsuntsu ko tukunya, don su sakar min waya. Muna kuma yin 'yar tsana da ƙyallen tela, da motar kwali. Ƙanwar maigidana malama ce a wata makarantar kuɗi, da ta gani sai ta ce in riƙa zuba kwaɓin a ƙananan robobi tana kai min, iyaye na saye naira 500. Zuwa yanzu na sayi robobi dozin 15, saura 20 a gida. Kuɗin da ta kawo min a zangon nan sun kai 38,000. Ban rubuta ba, amma ina riƙe da su a ka. Yanzu so nake in ci bashin 400,000 in sayi injin kwaɓi, in buga takardar suna, in shiga duk makarantun Kano. Na ga wata a TikTok ta ce da irin wannan sana'ar ta sayi mota cikin shekara ɗaya. Wane inji ya fi, kuma a ina ake samun bashi mai sauƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba zan faɗa miki sunan inji ba, ba kuma zan nuna miki ƙofar mai ba da bashi ba. Ɗauko biro mu yi lissafi da alƙaluman da ke cikin wasiƙarki.

Dozin 15 robobi 180 ke nan. Cire 20 da ke gida, saura 160 da suka fita daga hannunki. A kan naira 500, kuɗinsu 80,000. Abin da ya dawo 38,000, wato kuɗin roba 76. To ina sauran 84? Naira 42,000 ke nan, fiye da rabin cinikinki, kuma ko a wasiƙar ba ki ambace su ba, domin ba ki ma san sun ɓata ba. Wannan ita ce cutar da ke cikin sana'arki, kuma inji ba ya maganinta. Idan yau kina kwaɓa roba 160 rabi na salwanta, ranar da inji ya ba ki 1,600 rabin ne dai zai salwanta, ga kuma mai bashi tsaye a ƙofar gida.

Ban ma taɓo kuɗin kaya ba. A ce kowace roba ta ci miki naira 250 tsakanin robar kanta, fulawa, gishiri, mai, kala da gas. Roba 160 sun ci 40,000. Kin karɓi 38,000. Kin ga ke nan zango guda kina tsaye a gaban murhu kina tuƙa kwaɓi, uwar kuɗinki ma ba ta dawo ba. Abin da ya rufe miki ido, ina kyautata zato, shi ne fulawar da man daga kayan cefanen gida kike ɗiba. Maigida ne ke biyan faɗuwar, shi bai sani ba, ke ma ba ki sani ba.

Kada ki ɗauka ina cewa ƙanwar mijinki ta ci miki kuɗi. Ban san ta ba, kuma a irin wannan harka sau da yawa ba sata ba ce. Na san yadda abin ke tafiya. Ta ba shugabar makaranta roba biyu don ta yarda a sayar. Wata abokiyar aikinta ta ɗauki uku ta ce sai an yi albashi. Uwa ta zo ɗaukar ɗanta, yaro ya rungume roba yana kuka, aka ce ta tafi da ita gobe ta kawo kuɗin, goben ba ta zo ba. Wasu robobin sun kwana a aljihun tebur murfi bai rufu ba, iskar hunturu ta busar da su suka zama dutse, ta ji nauyin faɗa miki ta zubar. Ranar da kuɗin mota ya yanke mata ta taɓa 1,000 da niyyar mayarwa. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne. Haɗa su, sun tashi 84. Ita ba ta rubuta ba, ke ba ki rubuta ba, wa zai tambayi wa?

Kuma kin san gidan miji. Ranar da kika buɗe baki kika ce “Anti, lissafin nan bai cika ba”, ba tare da takarda a hannu ba, kafin magariba maganar ta isa kunnen Hajiya, an ce kin kira 'yarta ɓarauniya. Rubutun da kike jin kunyar yi shi ne zai tsare miki wannan zumuncin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce ban da dangi ba.

Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo wurina, tana ɗinka jakunkunan makaranta na yadi, aiki mai kyau ƙwarai. Ɗan yayarta ke kai wa makarantu. Shekara biyu suna haka babu ko takarda ɗaya tsakaninsu. Ganin jaka na fita, ta sayar da awarwaronta ta ƙaro keken ɗinki biyu ta ɗauki yara. Da zango ya ƙare ta nemi kuɗin biyan masu yadi, yaron ya ce makarantu ba su biya ba. Ta taka da ƙafarta, wata makarantar ta ce ta biya tun tuni, wata ta ce jaka 30 aka kawo mata ba 50 ba. Babu shaidar da za ta ƙaryata kowa. Kekunan nan a rabin kuɗinsu ta sayar, kuma har yau ita da yayarta gaisuwar biki kawai ke haɗa su. Na zauna da ita muna neman inda kuɗin suka bi, muka rasa ko bakin zaren, don babu abin da za a duba.

Ga abin da za ki yi, daga gobe. Littafin makaranta mai shafi 40 ya ishe ki. Duk ranar da kaya za su fita, ki ƙirga a gabanta, ki rubuta kwanan wata da adadi, ta sa hannu. Kada ki ba ta fiye da 20 a tashi ɗaya. Ranar Juma'a ku zauna: ga kuɗin waɗanda aka sayar, ga robobin da suka rage, wanda ya bushe ma a dawo miki da shi ki gani da idonki. Sai lissafin wannan makon ya rufe sannan sabon kaya ya fita. Ki yanka mata ladanta a fili, a ce naira 50 ko 70 a kowace roba. Wanda ake biya lada ana iya tambayarsa. Wanda ke yi miki alfarma, kunya za ta hana ki. Bashi kuwa ga iyaye babu shi. Wanda ya biya kuɗin makarantar kuɗi ba zai rasa 500 ba, in ya rasa yau ya saya gobe. Fulawa da mai kuma ki saye su da kuɗin sana'a, ki ajiye daban da na girki. In abin ya fara tafiya kya riƙa saro fulawar a kasuwar Singa, ta fi sauƙi a kan awon mudu a unguwa.

Akwai wani rubutun da ya shafi kayanki musamman. Kwaɓi ba atamfa ba ne da za ta shekara a shago. Kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ruwa kofi biyu, ɗan mai da ɗan lemon tsami, a tuƙa a wuta kaɗan-kaɗan har ya saki tukunya: gishirin nan ne ke riƙe shi, amma riƙon na da iyaka. Da hunturu bushewa yake, da damina ya yi fumfuna. Don haka ki manna 'yar takarda a gindin kowace roba da ranar da kika tuƙa. Ranar da wata uwa ta dawo da roba tana faɗa, kina dubawa za ki san ko na makon jiya ne ko na wata uku da ya kwana a jaka. A wannan takardar ki rubuta cewa ba a ci, kuma akwai alkama a ciki, don wasu yaran jikinsu ba ya ɗaukar ta. Gishirin da ke ciki yana da yawan da zai cutar da ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, saboda haka ajin 'yan ƙasa da shekara uku ki bar shi. Kala kuma ta abinci kawai, mai lambar NAFDAC. Kada arha ta ja ki zuwa garin rinin kaya. Yaro ɗaya ya kwanta, sana'ar ta mutu, ga haƙƙi a wuyanki.

Ita ƙanwar mijin naki tana da amfanin da ya fi riƙe kuɗi. Wannan kwaɓin wasan yara na kamfani mai suna Play-Doh da kike gani a manyan kantuna, asalinsa abin goge baƙin hayaƙin kwal ne daga takardar bango, wanda wani kamfani mai suna Kutol ke yi a birnin Cincinnati na Amurka. Da mutane suka rage ɗumama gida da kwal kasuwarsa ta faɗi. Wata malamar ƙananan yara, Kay Zufall, 'yar'uwar Joe McVicker na kamfanin ta wajen aure, ita ta kai shi aji ta ga yadda yara suka ɗauke shi, ta ba da shawarar a mayar da shi kayan wasa, aka fito da shi kasuwa a 1956. Abin da malamar ta kawo shi ne ido a cikin aji. Ki nemi wannan a wurin taki malamar: wace kala yara suka fi rububi, kwana nawa yake yi kafin ya taurare, robar ta yi wa hannunsu girma ko ta yi daidai, malamai na son sa don koyar da haruffa da ƙirga ko kuwa wasa kawai. In makarantar da kanta ke so, to a yi magana da shugabar a farkon zango lokacin da kuɗin makaranta ke shigowa, a rubuta adadi, a ba ki rabin kuɗi kafin ki ɗora tukunya.

Maganar mai mota a TikTok kuwa, ba ni da haƙurin ta. Kin ga motar, kin ga littafinta? Ko da ribar 250 ce cif a kowace roba, ki ƙirga roba nawa za ki tuƙa kafin ki biya bashin 400,000 kaɗai: 1,600, ba a sa ladan mai kai kaya ba, ba a sa wanda ya bushe ba. Ke da kika fitar da 160 a zango guda. Kuma ki tuna kayan nan duk uwar da ta kalle ki sau ɗaya za ta iya yin sa a kicin ɗinta, yadda mu muka tashi muna tuwon ƙasa da motar kara ba wanda ya saya mana. Abin da ake biyan ki shi ne tsafta, laushi, kala mai kyau, da hutar da uwa. Wannan muciya da tukunya sun isa su yi shi har zuwa roba ɗari a mako.

'Yar tsanar da motar kwalin ban ce ki watsar ba. In hutu ya zo ki tara yaran unguwa goma ranar Asabar, kowa da ɗan kuɗin zamansa a hannu tun daga ƙofa, ku yi awa biyu kuna yanka kwali kuna cusa ƙyalle, kowa ya tafi gida da abin da ya yi. Ƙyalle telan unguwa zai tara miki, kwali kuma mai shago. Wannan ba ya bi ta hannun kowa, shi ma dai a shafinsa daban.

Su kuwa 42,000 ɗin, kada ki je da fuskar bin bashi. Ki kai mata littafin ki ce kina so ku fara rubutu don ki san ladan da za ki riƙa ba ta, sannan ku tuna tare wa da wa ya ɗauka bai biya ba. Abin da aka iya karɓowa a karɓo, sauran ki rubuta shi a shafin farko da sunan faɗuwa. Ki yi zango ɗaya cur a haka, sannan ki aiko min da alƙaluma uku: roba nawa suka fita, nawa aka biya, nawa kowace ta ci. In sun nuna hannunki ya kasa cika odar da aka riga aka biya, a lokacin za mu yi maganar inji, kuma daga ribar za a saye shi.