Amsa ga mai koyon harsuna uku yana kuma buga chess

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya, na saurari muryarka har ƙarshe. Ka ce kana Faransanci, har kana iya karanta labarai da taimakon ƙamus, ka fara Jamusanci wata shida ke nan, kwanan nan ka ƙara Sifaniyanci, ga kuma chess da ba ka so ka bari. Awa biyu kake da ita a rana, kuma kana ganin ba inda kake motsawa. To, bari mu fara da lissafi, don shi zai nuna maka inda gizo ke saƙar.

Makarantar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci. Jamusanci wajen awa 900, Rashanci 1,100, Larabci da Sinanci da Japananci 2,200. Kuma awannin aji ne kawai, ban da bitar gida. Yanzu idan ka raba awa biyunka gida huɗu, kowanne ya samu minti 30, Jamusancin nan kaɗai zai ci kwana 1,800, kusan shekara biyar. Idan kuwa ka ba shi minti 70 kullum, shekara biyu da 'yan makonni ne. Ka ga ashe ba ƙwaƙwalwarka ba ce matsalar, rabon ne.

Shawarata, harshe ɗaya kake ginawa, ɗaya kake riƙo, na ukun ka ajiye shi tukuna. Jamusanci minti 70, Faransanci minti 20, chess minti 30. Sifaniyanci ya jira. Na san wannan ba zai yi maka daɗi ba, amma akwai dalili. Faransanci da Sifaniyanci 'yan uwa ne, daga Latin suka fito, kuma idan ɗaya bai zauna daram ba sai su riƙa shiga gonar juna. Kalmar salir a Sifaniyanci fita ce, a Faransanci kuwa ƙazantar da abu. Entendre a Faransanci ji da kunne, entender a Sifaniyanci fahimta. Hanci a Faransanci namiji ne, le nez, a Sifaniyanci mace, la nariz. Irin waɗannan suna da yawa. Ka bari Faransancin ya kai matakin da Turawa ke kira B2, wato kana sauraron rediyo kana bin zancen ba tare da ka tsaya fassara a ranka ba. A lokacin, dangantakar nan da ke rikita ka yanzu ita za ta zama tsani.

Minti 70 ɗin nan kada ka zuba su a abu ɗaya. Minti 15 bitar kalmomi, 30 darasi daga littafi guda da kake bi daga farko zuwa ƙarshe, 15 sauraro, 10 kuma ka buɗe baki ka yi magana ko ka rubuta jimla biyar da abin da ka koya ranar. Sunan abu a Jamusanci kada ka taɓa haddace shi tsirara. Ka haɗa da der ko die ko das ɗinsa, wato kalmar da ke nuna jinsinsa, da jam'insa, don gyara wannan daga baya wahala ce babba.

Batun Anki, manhajar bitar kalmomi ta hanyar kati, a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Manhajar tana zuwa ne a saite kan sabbin kati 20 a rana, kuma bita tana taruwa har ta kai wajen ninki goma na sabbin. Wato kati 200 kullum a harshe ɗaya. Harsuna uku, 600. Ka yi fashin kwana uku ka buɗe, sai ka tarar da tulin da zai sa ka rufe wayar gaba ɗaya. Ka mai da Jamusanci sabbi 10, Faransanci 3 ko ma sifili. In ka yi fashi, ka tsayar da sabbi cak, ka rage bashin a hankali cikin mako guda, sannan ka ci gaba.

To, chess. Abin da nake so ka gane, warware matsalar chess da koyon sabon nahawu daga rijiya ɗaya suke sha. Duk biyun suna son lokacin da kai yake wasai. Saboda haka harshen da kake ginawa shi ke da wannan lokacin, chess ya biyo baya, sauraron Faransanci kuwa ko kana tafe a hanya ya wadatar. Kuma kada ka taɓa cewa bari in buga wasa ɗaya kafin karatu. Wasan gaggawa na minti uku ga kowane ɗan wasa da ƙarin daƙiƙa biyu a kowace tafiya yakan ci minti shida zuwa takwas. An ci ka, kana son ramuwa, ka ci, kana son ƙari. Kafin ka ankara wasa goma sun tafi da awa guda, kuma ba abin da ka ƙaru da shi, don kuskuren jiya ka maimaita da sauri.

Minti 30 ɗin, ka ba matsalolin dabara 20. Guda biyar ko shida sun isa, amma kada ka taɓa komai sai ka lissafa layin har ƙarshe a kanka, da amsar abokin karawa mafi ƙarfi. Sauran minti 10 ƙarshen wasa: sarki da soja ɗaya, sannan sanannun matsayi biyu da ake kira Lucena da Philidor a wasan hasumiya, wato rook. Sau biyu a mako ka buga dogon wasa, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, a shafin buga chess na Lichess ko Chess.com. Zai iya kai minti 40, ka ɗauko cikon daga ranar hutunka. Da an gama ka nemo da kanka inda wasan ya karkace kafin ka kunna injin bincike, wato manhajar da ke nuna tafiya mafi kyau. In injin ya riga ka, kallo kawai ka yi.

Akwai binciken wasu masana biyu, Chase da Simon, na 1973 da ya dace da kai. An nuna wa ƙwararren ɗan wasa allon chess na daƙiƙa biyar, in matsayin daga wasan gaske ne sai ya mai da mafi yawan 'ya'yan inda suke, in kuwa an warwatsa su barkatai, fifikonsa a kan ɗan koyo ya kusa ɓacewa. Wato gungu-gungu yake haddacewa, ba ɗaiɗai ba. Harshe ma haka yake, shi ya sa katin da ke ɗauke da gajeriyar jimla ya fi mai kalma guda.

Za ka iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ka mai da harshen Lichess Faransanci, ka riƙa kallon sharhin wasanni da Faransanci a cikin minti 20 ɗin riƙo. Kalmomin kaɗan ne, suna maimaituwa, allon kuma yana fassara maka. Sai dai ba zai koya maka hirar yau da kullum ba, don haka kwana uku a mako ya isa, sauran ka koma labarai. Kuma ka kula da haruffan rubuta wasa. Doki a Turanci N, a Jamusanci S, a Faransanci C. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne R: a littafin Turanci hasumiya ce, a na Faransanci da Sifaniyanci sarki ne, hasumiyar kuma T. In ka ga tafiya ta ƙi yiwuwa a allo, fara duba wannan kafin ka ce littafin ne ya yi kuskure.

Ka gwada tsarin nan wata uku ba canji, kana rubuta mintin kowace rana a takarda. Ranar farko ka naɗi muryarka kana Jamusanci na minti ɗaya, ranar 90 ka sake naɗa a kan batu ɗaya, ka turo mana duka biyun mu ji. Wassalam.