Na kashe suwaf, sabata ta fara sandarewa: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina kula da sabar Linux mai furosesa biyu da RAM gigabait 64, manhajar rumbun bayanai ta MySQL ce a kanta. Na ga suwaf (swap, wurin da ke faifai inda ake sauke abin da ke cikin RAM) ya ci kusan gigabait 3 alhali RAM bai cika ba, sai wani ya ce in kashe shi da swapoff. Tun daga ranar sau biyu na'urar tana sandarewa na mintuna, daga baya in tarar an kashe MySQL. Hankalina ya tashi, don bayanan mutane ne a ciki.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta wannan, je ka mayar da suwaf ɗinka. Wanda ya ba ka shawarar nan ya cuce ka, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Kusan kullum sai na ci karo da wannan magana, wai suwaf ne ke sa na'ura nauyi, a kashe shi a huta. Masu yaɗa ta ba su taɓa zama sun ga abin da kanel, wato zuciyar Linux mai rabon RAM, ke yi idan wuri ya ƙure ba. Shafuka, wato ƙananan yankunan da ake kasa RAM a cikinsu, iri biyu yake iya kora daga RAM. Masu asali a fayil zai iya zubar da su ya sake karantowa daga faifai. Waɗanda manhaja ta ƙirƙira wa kanta kuwa ba su da wurin zuwa sai suwaf. Da ka kashe shi ka ɗaure wa kanel hannu ɗaya: shafin da ba a taɓa ba tun ranar da aka kunna na'ura zai yi zamansa daram, duk matsin ya koma kan shafukan fayil, har da waɗanda ke ɗauke da umarnin manhajar da ke gudana. A zubar, a karanto, a sake zubarwa. Sandarewar da ka gani ke nan, kuma tana iya daɗewa kafin mai kisan OOM, sashen kanel da ke kashe manhaja idan RAM ya ƙare, ya farka ya zaɓi manhaja mafi cin RAM, wato MySQL ɗinka.

Haka masu cewa a sa vm.swappiness, saitin yadda kanel ke karkata ga amfani da suwaf, a 0 suke, kanwar ja ce. Tun sigar kanel ta 3.5 ma'anar sifilin ta tsananta, kanel ba ya taɓa shafukan da manhaja ta ƙirƙira wa kanta sai ruwa ya kai masa wuya. Asalin saitin 60 ne, kuma tun 5.8 ana iya kai shi 200 ga mai suwaf mai sauri irin zram (suwaf da ake matsewa a cikin RAM). Gigabait 3 da ke kwance a suwaf ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne shige da fice ba ƙaƙƙautawa, kuma umarnin vmstat zai nuna maka shi a layin si da so (shiga RAM daga suwaf da fita zuwa suwaf). Idan kanel ɗinka ya kai 4.20, leƙa /proc/pressure/memory ka ga yawan lokacin da ayyuka ke ɓatawa suna jiran RAM.

Dalilin da suwaf ya motsa tun farko kuwa, ina kyautata zaton tsarin NUMA ne. A wannan tsari kowane furosesa da nasa kason RAM, kuma ɗaya na iya cika maƙil ɗayan na da sarari, sai kswapd (mai korar shafuka na kanel) na ɓangaren da ya cika ya fara kora. Umarnin numactl --hardware zai nuna maka rabon. In haka ne, kunna innodb_numa_interleave a MySQL don a shimfiɗa ma'ajiyar InnoDB, injin adana bayanan MySQL, a ɓangarorin biyu.

Sai ƙaurar shafuka. Tun sigar 3.8 kanel na iya bin sawun shafuka yana mayar da su kusa da furosesan da ke amfani da su. Ga rumbun bayanai da ɓangarorin biyu ke taɓa shafi ɗaya, wannan kai-komo na iya zama asara. Duba numa_pages_migrated a /proc/vmstat. Idan lambar na gudu ba tsayawa, sa kernel.numa_balancing a 0 ka auna na kwana biyu.

Don Allah ka riƙa sauya saiti ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka gani. Fara da swapon yau don mayar da suwaf, ka bar swappiness a tsakanin 10 da 60, sauran su biyo baya bayan ka ga alƙaluman vmstat na lokacin da aiki ya fi yawa.