Fatawa: Tsegunta Labarin Mahara ga Maƙwabciyar Ƙasa da Kai Ramuwa a Tsallaken Iyaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tangaza ta jihar Sakkwato a Nijeriya, ƙanena kuma yana zaune a tsallaken iyaka, cikin Nijar. 'Yan bindiga kan ƙetaro a kan babura su kora mana shanu su koma. Sau da yawa ƙanena yana ganin wucewarsu, amma yana tsoron ya buga mini waya in sanar da sojojinmu, domin ana cewa hakan leƙen asiri ne ga wata ƙasa, tun da gwamnatocin biyu ba sa ga-maciji. Matasanmu kuma suna shawarar bin sawu su ƙone ƙauyen da ake zargin yana saukar da maharan. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo muku ɗauki, ya mayar muku da mafificin abin da kuka rasa.

Tsamin dangantakar da ka ambata gaskiya ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, wanda ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris 2024, haɗin kan tsaro tsakanin Nijeriya da Nijar ya yi rauni, kuma a Disamba 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, zargin da Nijeriya ta musanta, sannan a Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Iyaka ce mai tsawon kusan kilomita 1,500, kuma masu ɗauke da makamai irin su Lakurawa sun fi kowa cin gajiyar wannan ɓaraka. Sai dai saɓanin shugabanni ba ya sauya hukuncin jinin Musulmi da dukiyarsa.

Waɗanda ke tare hanya da makami, su kashe, su kwashe dukiya, sunansu a shari'a muharibai, kuma a kansu ne aya ta 33 ta Suratul Ma'ida take magana, ko da sun kira abin da suke karɓa zakka. A mazhabar Malikiyya, mai yi musu gadi da mai nuna musu hanya hukuncinsu ɗaya ne da wanda ya harba bindiga.

Game da ƙanenka, abin da yake tsoro ba shi ne bin diddigin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana ba, domin wancan tonon asirin mutumin da ya rufe ƙofarsa ne ba ya cutar da kowa. Wanda ya ga ayarin mahara ya nufi gari ya yi gargaɗi, misalinsa shi ne mutumin da ya zo da gaggawa daga ƙarshen birni ya ce wa Annabi Musa manyan gari suna shawarar kashe shi, kamar yadda ya zo a aya ta 20 ta Suratul Ƙasas, kuma Alƙur'ani ya kawo labarinsa a matsayin mai nasiha. Manzon Allah (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Don haka gargaɗin wajibi ne a kan wanda ya gani kuma yake da iko.

Wataƙila wani ya kawo ƙissar Haɗib ɗan Abi Balta'a, wanda ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa gabanin buɗe Makka, aka kuma yi masa faɗa a farkon Suratul Mumtahana. Ƙiyasin bai daidaitu ba. Haɗib sirrin rundunar al'ummarsa ya kai wa waɗanda ake shirin yaƙa, alhali Nijar da Nijeriya ba yaƙi suke yi da juna ba, kuma abin da ƙanenka zai faɗa motsin 'yan fashi ne waɗanda suke kashe mutanen ƙasashen biyu. A nan ne iyakar halaccin take: bai halatta ya faɗi inda sojojin Nijar suke, ko yawansu, ko shirinsu ba, domin wannan amanar ƙasar da yake zaune a cikinta ce. Ina kuma ba shi shawara ya fara da sanar da mai gari ko jami'an tsaron wajensu, sannan ya gargaɗe ka a matsayinka na yayansa, kai kuma ka kai wa hukumar wajenku. Lallai ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai, kada ya ambaci sunan kowa a kan zato, saboda aya ta 6 ta Hujurat ta yi gargaɗi kan afka wa mutane cikin jahilci, kuma mun ga yadda labarin da ba a tantance ba yake jawo mutuwar makiyayan da ba ruwansu. Idan ya yi rinjayen zaton cewa za a gano shi a kashe shi, wajibcin ya sauka daga kansa, ko da yake neman amintacciyar hanyar isar da saƙon ya fi yin shiru.

Shawarar matasanku kuwa haramun ce, ba ni da wata tantama a kai. Kare kai a lokacin da maharin ya shigo gari halal ne, kuma wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne da nassin hadisin Bukhari da Muslim. Amma a kwana a shirya, a ƙetara iyaka, a cinna wa gari wuta, wannan ya fita daga kare kai ya zama wani harin. Allah ya ce a aya ta 164 ta Suratul An'am wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Gaskiya ne Muslim ya ruwaito la'antar wanda ya ba mai ɓarna mafaka, amma mutanen ƙauyen da aka ɗora wa bindiga aka ce su dafa abinci tilastattu ne, kuma rarrabe mai son rai da wanda aka tilasta aikin alƙali ne da shaidu. Zartar da hukunci haƙƙin shugaba ne. Ku tuna kuma cewa a irin wannan yanayi na zargin juna, ƙauye ɗaya da aka ƙone yana iya zama hujjar rikici tsakanin sojojin ƙasashe biyu, ƙanenka da iyalinsa su ne farkon waɗanda zai ci.

Shugabannin ma akwai nauyi a kansu. A Agusta 2024 manyan hafsoshin tsaron ƙasashen biyu sun gana a Yamai suka amince da ci gaba da haɗin kai, kuma alkawari irin wannan yana nan daram har sai an warware shi a fili, kamar yadda aya ta 58 ta Suratul Anfal ta tanada. Lokacin da Mu'awiya ya matsa da runduna kusa da ƙasar Rumawa kafin wa'adin sulhu ya cika, Amru ɗan Abasa ya tsayar da shi da kiran a cika alkawari kada a yi yaudara, sai ya juya da mutanensa. Bai halatta ga wata gwamnati ta kau da kai ga maharan da ke fakewa a ƙasarta don ta huce haushinta a kan maƙwabciya ba.

Batun shanunku, ku kai alamominsu da shaidarsu ga hakiminku, ya tuntuɓi takwaransa na tsallake da sarakunan kasuwannin dabbobi na Illela da Birnin Ƙonni, domin duk wanda aka sami dabbar sata a hannunsa wajibi ne ya mayar wa mai ita ko da sayenta ya yi, shi kuma ya bi wanda ya sayar masa. Allah ne mafi sani.