Kyamarar gidana tana kan intanet: akwai mai kallonmu ban sani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kantin Kwari. Bara na sa aka ɗaura mini kyamarori huɗu a shago, biyu a gida, ina kallonsu ta waya. Wani yaro ya ce mini akwai shafukan intanet da ake leƙa gidajen mutane ta irin waɗannan kyamarori. Gaskiya ne? Abin ya dame ni, don ɗaya tsakar gida take kallo, inda iyali ke wuni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. A 2014 aka bankaɗo wani shafi mai suna Insecam, ya tara kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ga dama ya shiga ya kalla: falo, ɗakin jarirai, kanti. Mai shafin bai fasa ƙofar kowa ba. Masu kyamarorin ne suka bar kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, irin su admin ko 12345, waɗanda suna nan a rubuce cikin littafin da ke kwalin. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa gwada irin waɗannan kalmomi kusan 60, ta kame kyamarori da akwatunan naɗar bidiyo ba adadi, aka yi amfani da su wajen kai hari ga kamfanin Dyn na Amurka ranar 21 ga Oktoba. Ran nan Twitter da Netflix sun ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane.

Amma in don ta ni ne, kafin ka ji tsoron ɗan kutsen da ke wata ƙasa, fara da wanda ya hau tsani ya ɗaura maka kyamarar. Na taɓa zuwa gyara wani shago, na tambayi maigidan kalmar sirrin akwatinsa. Sai ya zaro waya ya kira mai haɗawar, shi kuma ya karanto masa da ka, ko tunani bai yi ba. Ashe kalma ɗaya yake sa wa duk wanda ya yi wa aiki. Da muka haɗu da mai haɗawar ya buɗe manhajarsa, sai ga jerin shaguna da gidajen mutane, kowanne taɓawa ɗaya ya rage. Ba mugu ba ne, sauƙin aiki ya nema. To in wayar ta faɗi a Keke Napep fa?

Makulli biyu ne a nan, kuma ɗaya kawai mutane suke canzawa. Na farko shi ne kalmar sirrin akwatin da kyamarorin. Na biyu shi ne asusun manhajar waya, irin su Hik-Connect ko DMSS, wanda aka ɗaure na'urar a kansa ranar da aka haska lambar QR ɗinta. Idan da lambar wayar mai haɗawa aka buɗe asusun, a wurin kamfani shi ne mai na'urar, kai an ara maka kallo ne kawai. Ka kira shi, cikin mutunci, ya cire na'urar daga asusunsa a gabanka, ka buɗe naka da lambarka, ka ɗaura ta. Sannan ka sa sabuwar kalmar sirri mai tsawo, haruffa da lambobi a gauraye, ba lambar wayarka ba, ba shekarar haihuwar ɗanka ba. Yaran shago kuma a ba su izinin kallo kaɗai, wanda ya bar aiki a goge shi ran nan.

Sai na'urar Wi-Fi. Akwai wani saiti da ake kira UPnP, wanda ke barin kyamara ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa waje ba tare da ta tambaye ka ba. A kashe shi. A duba kuma ko an buɗe ƙofofi da hannu, musamman masu lamba 80 da 554 da 8000 da 37777, domin injin bincike irin Shodan kullum yana zagaya intanet yana rubuta duk na'urar da ta amsa a kansu. Masu amfani da layin waya a na'urar Wi-Fi sukan ɗan tsira daga wannan, saboda kamfanin layi yakan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. Wannan dai bai hana wanda ke riƙe da asusunka shiga ba.

A sabunta manhajar cikin akwatin daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. A 2021 masana'antar kyamarori ta Hikvision ta toshe wata ɓaraka da ke bari a ƙwace wasu kyamarorinta ko da ba a san kalmar sirri ba. Wanda bai sabunta ba, tasa tana nan buɗe. Ƙananan kyamarorin nan masu araha, masu kama da ƙwan fitila, da yawansu ba a taɓa fitar musu da gyara ba tun da suka bar masana'anta.

Ta tsakar gida kuwa, Alhaji, shawarata a juya ta ta kalli ƙofar shigowa ko katanga, a kashe mata ɗaukar murya. Ɓarawo ta nan zai biyo. Idan lallai kana son ta zauna inda take, a raba ta da intanet, ta riƙa naɗa a akwatin gida, ka duba in ka dawo daga kasuwa.